Darasi na Tara: Mai Noma, Mai Awo da Mai Ci a Tsohuwar Masar

Sunan Fir'auna ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tun daga makarantar allo muke jin labarinsa da Annabi Musa (AS), kamar yadda muke jin na Annabi Yusuf (AS) da shekarun yalwa da na fari a ƙasar Masar. Sai dai a ilimin tarihi Fir'auna laƙabi ne da ake kiran dogon jerin sarakuna da shi. Sun yi ta gadon juna na kusan shekara 3,000, tun daga wajajen 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da kudanci da arewacin ƙasar suka haɗe ƙarƙashin sarki guda, har zuwa shekara ta 30 kafin haihuwarsa, da sarauniya Kiliyofatara ta mutu, Rumawa suka karɓe mulki. A wannan darasi, duk inda kuka ga K.H. bayan shekara, ana nufin kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma lissafin baya-baya yake tafiya: 2500 K.H. ta riga 1500 K.H.

Littattafan makaranta sun saba zana jama'ar Masar ta dā a siffar dala: sarki a ƙololuwa, sai waziri da manyan fada, sai limaman gidajen bauta, sai magatakarda da sojoji, sai masu sana'a, sai manoma, bayi kuma a can gindi. Zanen yana da amfani, ku kwafe shi a littafinku. Amma zane ba ya motsi, ba ya kuma nuna abin da ya ɗaure wannan hawa da wancan. Abin da ya ɗaure su hatsi ne. Mutanen Masar ba su san tsabar kuɗi ba sai can ƙarshen zamanin Fir'aunoni. Da hatsi ake biyan haraji, da shi ake biyan albashi, sauran kaya kuma a kimanta su da nauyin jan ƙarfe ko azurfa a yi musaya. Saboda haka hanyar da za mu bi ita ce hanyar hatsi, daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa baki. Matsayin kowane mutum yana bayyana daga inda yake tsaye a kan wannan hanya.

Manomi

Ruwan sama ba ya wani sauka a Masar. Damina tana yi ne a tsaunukan Habasha, ruwan ya gangaro ta Sudan, ya iso Masar wajen watan Yuli, a wancan zamani Kogin Nilu ya cika ya batse, ya malale gonaki har wajen Oktoba. Idan ya janye sai ya bar baƙar laka mai taki. A kan haka suka raba shekara gida uku, kowane kashi wata huɗu: lokacin ambaliya, lokacin shuka, lokacin girbi. Manomi yana shuka wani irin alkama da sha'ir, da shukar da ake saƙa lilin da zarenta, ga albasa da tafarnuwa da wake a lambu. Kayan aikinsa garmar katako da shanu ke ja, da fartanyar itace, da laujen katako da aka jera wa ƙananan duwatsu masu kaifi. Daga baya jigo ya shigo, ya sauƙaƙa ban ruwan lambu. Abincinsa gurasa ne da albasa da kifi da wata giyar sha'ir mai kauri; nama sai ranar biki.

Mafi yawan mutanen ƙasar irin wannan ne, kuma akasarinsu ba su mallaki gonar da suke nomawa ba. Manyan filaye na sarki ne, ko na gidajen bauta, ko na manyan fada. Akwai wata doguwar takarda daga zamanin Ramsis na Biyar, wajajen 1145 K.H., da aka rubuta awon gonakin tsakiyar Masar a ciki. Ta nuna cewa akwai ƙananan mutane da ke riƙe da 'yan gonaki, sojoji da makiyaya da ƙananan limamai da mata, amma a ƙarƙashin manyan hukumomi suke, kuma kowa da rabon da zai bayar.

Ba a jira sai an yi girbi a tambayi manomi abin da ya samu. Tun hatsi na tsaye ma'aikata ke zuwa da igiya mai ƙulle-ƙulle su auna gonar, su yanke abin da za ta bayar. A kabarin wani ma'aikacin gonaki mai suna Menna, a yammacin Luksor, an zana wannan aiki a bango dalla-dalla: masu igiya, masu rubutu a masussuka, da wani mutum kwance ana dukansa da sanda. A wasu kaburburan Sakkara, waɗanda suka girmi na Menna da kusan shekara 1,000, an zana dagatai ana jan su gaban masu rubutu a kan bashin haraji. Dabbobi ma ba su tsira ba. A zamanin gina manyan dala ana ƙidayar shanu kusan duk shekara biyu domin jangali, kuma ƙidayar ta yi girman da har da ita ake lissafin shekarun mulkin sarki.

Bayan haraji akwai aikin tilas. Hukuma tana iya kiran talaka zuwa haƙar magudanar ruwa, ko fasa dutse, ko jan kaya, ko noman gonar sarki. Ana ciyar da shi, amma ba shi da ikon ƙi. Wata takarda da ke ajiye a gidan tarihi na Buruklin a Amurka tana ɗauke da sunayen mutum fiye da 70 da suka gudu daga irin wannan aiki, kuma ta nuna cewa idan mutum ya gudu akan riƙe iyalinsa har a kamo shi. In kuna son sanin yadda aikin tilas ya shiga zuciyar mutanen nan, ku dubi abin da suke sa wa mamaci a kabari. A imaninsu, ko a lahira za a yi kiran aikin gona, don haka masu hali sukan sayi ƙananan mutum-mutumi riƙe da fartanya da kwando, su amsa kiran a madadinsu. A ƙarnukan baya cikakken jeri yakan kai 401: ɗaya na kowace rana ta shekara, da shugabanni 36 masu lura da su. Ko bayan mutuwa, mai dukiya ya tanadi wanda zai yi masa wahala, matalauci kuwa da kansa zai je.

Magatakarda

Tsakanin gona da rumbu akwai mutum guda zaune, ya naɗe ƙafa, da takarda a cinya da alƙalamin kara a hannu. Shi ne magatakarda. Masana suna kiyasin cewa a mafi yawan wancan zamani waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su wuce mutum ɗaya zuwa biyar cikin 100 ba. Wannan 'yar tsirarun jama'a ita ke auna gona, ta rubuta haraji, ta ƙirga abin da ya shiga rumbu, ta raba albashi, ta rubuta hukuncin kotu. Manomi ya san gonarsa fiye da kowa, amma ranar da aka zo lissafi, abin da ke cikin takarda shi ake bi, shi kuwa ba ya iya duba ta.

Koyon aikin yana cin shekaru. Yaro yakan fara tun yana ƙarami, yana kwafe tsoffin rubuce-rubuce a kan tsingaro da ɓallin farin dutse, domin takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogi ta fi ƙarfin ɓarnar ɗan koyo. Tawada iri biyu ce, baƙa da ja. Rubutun zane-zane da kuke gani a bangon gidajen bauta na ado ne da addini; na aikin yau da kullum wani rubutu ne mai sauri da aka taƙaita daga gare shi. Ana koyon lissafi sosai: faɗin gona, cikin rumbu, adadin gurasar da mudu kaza zai fitar, yawan mutanen da za su ja dutse.

Ɗaya daga cikin abubuwan da yara suka fi kwafa a makarantun nan wata nasiha ce ta uba ga ɗansa a kan hanyar kai shi makaranta. Uban ya bi sana'o'i ɗaya bayan ɗaya, maƙeri da magini da masunci da wanzami da mai wanki da manomi, yana nuna wahalar kowanne, domin ɗan ya riƙe alƙalami da kyau. A nan akwai abin lura da nake so ku riƙe har ƙarshen darasin. Kusan duk abin da muka sani game da manomi da bawa, daga hannun magatakarda ya fito, kuma magatakarda ba ya ganin su da daraja. Don haka idan muna karanta labarin talakan Masar, mu tuna cewa wanda ke karɓar harajinsa ne ya rubuta shi.

Sarki da na kusa da shi

A wajensu sarki ba mutum ne kamar kowa ba. Sun ɗauke shi wakilin allolinsu a bayan ƙasa, wanda aikinsa shi ne tsare abin da suke kira Ma'at, wato gaskiya da adalci da tafiyar al'amura a kan tsari. Ƙasa da abin da ke cikinta nasa ne a ƙa'ida. Aikin mulki na yau da kullum kuwa yana hannun waziri. A kabarin Rekmire, wazirin Tutmos na Uku wajajen 1450 K.H., an rubuta ayyukan wannan muƙami: gaida sarki da ba shi rahoto, tuntuɓar ma'aji, sauraron rikicin gonaki, naɗa ma'aikata, karɓar labarin tashin kogi. An kuma gargaɗe shi kada ya fifita wanda ya sani a kan wanda bai sani ba. A wancan zamani wazirai biyu ne, na kudu da na arewa. Ƙarƙashinsu ƙasar ta kasu larduna, waɗanda daga baya suka tsaya a kan 42. Duk lokacin da fada ta yi rauni, kamar bayan 2180 K.H., hakiman lardunan nan sukan zama tamkar sarakunan kansu.

Gidajen bauta ma manyan hukumomin tattalin arziki ne, masu gonaki da garkuna da jiragen ruwa da rumbuna. Wata takarda mai tsawon kusan mita 41 da aka rubuta a ƙarshen mulkin Ramsis na Uku ta lissafa mutum fiye da 80,000 da dabbobi fiye da 400,000 a ƙarƙashin gidan gunkin Amun na birnin Tibis kaɗai. Yawancin ƙananan limamai aikin karɓa-karɓa suke yi: wata ɗaya a gidan bauta, wata uku a gida, suna samun rabo daga abincin da aka miƙa wa gunki. Manyan kuwa sun yi ƙarfin da a wajajen 1080 K.H. babban limamin Amun, Herihor, ya ɗauki laƙabin sarauta a kudu.

Shin talaka yana da inda zai kai kuka? Akwai wani tsohon labari nasu na wani ɗan ƙauye da ya ɗoro kanwa da gishiri a kan jakuna zai kai kasuwa, wani bawan babban mutum ya ƙirƙiri dalili ya ƙwace masa jakunan. Mutumin ya kai ƙara wurin babban wakilin sarki, ya koma har sau tara, kowane zuwa da magana mai ratsa jiki a kan adalci, har aka mayar masa da kayansa aka hukunta azzalumin. Labari ne ƙirƙirarre, amma yana nuna cewa su kansu manyan sun yarda cewa mulki yana da haƙƙin talaka a wuyansa, tunda su suka rubuta shi suka yi ta kwafa.

Ƙauyen masu sana'a

Akwai wuri guda da muke jin muryar mutanen tsakiya da bakinsu, shi ya sa za mu ɗan jima a cikinsa. A yammacin Luksor, cikin wani kwari mara ruwa, akwai kangon wani ƙauye da yau ake kira Dair al-Madina. Daga wajajen 1500 zuwa 1070 K.H. a nan masu haƙa kaburburan sarakuna da masu yi musu zane suka zauna da iyalansu, cikin gidaje kusan 68 da ganuwa ta kewaye. Masu tonon tarihi na Faransa, ƙarƙashin Bernard Bruyère, sun yi aiki a wurin daga 1922 zuwa 1951, suka tono dubban tsingaro da ɓallin dutse masu rubutu: wasiƙu, rasit, ƙararraki, jerin masu zuwa aiki.

An raba ma'aikatan gida biyu, ɓangaren dama da na hagu, kowanne da shugabansa, ga kuma magatakarda mai rubuta komai. Makonsu kwana goma ne, takwas na aiki biyu na hutu. Kurfin jan ƙarfe da ake ba ma'aikaci sai an auna nauyinsa, haka lagwanin fitila sai an ƙirga. Albashin ma'aikaci a wata awo huɗu ne na alkama da awo ɗaya da rabi na sha'ir, kowane awo kimanin lita 76. In an haɗa ya kai wajen lita 420, abin da zai ciyar da babban gida har a samu rara ta musaya. Shugaba yana karɓar awo bakwai da rabi. Hukuma ta kuma ba ƙauyen masu hidima: 'yan ga-ruwa da jakunansu, masunta, masu itace, masu wanki, da kuyangi masu niƙa. Kun ga ke nan ko cikin ƙauye ɗaya akwai hawa-hawa, kuma wanda ke sassaƙa kabarin sarki ya fi wanda ke kawo masa ruwa nesa ba kusa ba.

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani faffaɗan dutse daga shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na Biyu, wanda aka rubuta sunayen ma'aikata da dalilan fashin aikinsu a kai. Wannan ba shi da lafiya, wancan kunama ta harbe shi, wani ciwon ido, wani yana dafa giya, wani yana shirya gawar ɗan'uwansa, wani shugabansa ya aike shi. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani zai gane mutanen nan.

A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, wajajen 1157 K.H., hatsin albashi ya makara. Ƙasar ta sha yaƙe-yaƙe, rumbunan hukuma sun yi ƙasa. Da jinkirin ya kai kwana 18 ma'aikatan suka ajiye kayan aiki, suka wuce shingayen masu gadi, suka je suka zauna a bayan gidan bautar Tutmos na Uku. A kwanakin da suka biyo suka koma na Ramsis na Biyu, wanda ke da manyan rumbuna. Sun ce yunwa da ƙishirwa suka fito da su, ba tufafi, ba mai, ba kifi, ba kayan miya, kuma a sanar da sarki da waziri. Aka ba su wani ɓangare, suka koma, aka sake makara, suka sake fitowa, har wani lokaci da matansu da 'ya'yansu. Magatakardan ƙauyen, Amennakt, ya rubuta abin da ya faru, takardar tana birnin Turin na Italiya a yau. Wannan ne yajin aiki mafi tsufa da aka samu cikakken labarinsa a rubuce. Ku lura da inda suka je suka zauna. Ba su nufi fada ba, sun nufi bakin rumbu, domin sun san inda haƙƙinsu yake kwance. Kuma sun iya yin haka ne saboda ƙwarewarsu ba ta da madadi, kuma akwai masu rubutu a cikinsu. Manomin da aka daka a masussuka ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Maginan dala da bayi

Mutane da yawa sun ɗauka bayi ne suka gina dalar Giza. Babbar dalar, ta sarki Kufu, an gama ta wajajen 2560 K.H., tsayinta ya kai mita 146. Marubucin Girka Hirodotus, wanda ya zo Masar bayan ginin da fiye da shekara 2,000, ya ce mutum 100,000 ne suka yi aikin. Masu tonon tarihi na yanzu, irin su Mark Lehner da Zahi Hawass, suna kiyasin 20,000 zuwa 25,000. Sun gano garin ma'aikatan, da gidajen gasa gurasa, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da aka ciyar da su. A 1990 aka gano maƙabartarsu kusa da dalar. Ƙasusuwansu sun nuna lalacewar gadon baya saboda ɗaukar nauyi, sun kuma nuna karaya da aka ɗora ta warke. A 2013, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, aka samu littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda shi da mutanensa kimanin 40 ke jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza. Abin da duk wannan ya nuna shi ne ƙwararrun ma'aikata na dindindin, tare da talakawa da ake kawowa aikin tilas bi da bi. Littattafan addini ma ba su ce Bani Isra'ila ne suka gina dalar ba.

Amma bauta ta wanzu, kada wani ya wanke Masar daga wannan. Ta yawaita musamman bayan 1550 K.H., lokacin da Fir'aunoni suka riƙa kai yaƙi Kan'ana da Siriya da Nubiya suna dawowa da kamammu. Wasu a ba gidajen bauta, wasu a tura ma'adinai, wasu a raba wa jarumai. Ana sayar da su, ana gadonsu. A zamanin Ramsis na Biyu wata mata mai suna Irinefer ta sayi wata yarinya 'yar Siriya da tufafi da kwanonin tagulla waɗanda aka kimanta da azurfa kimanin giram 370. Mun san haka ne domin cinikin ya kai gaban kotu. Duk da haka ƙofar fita ba a rufe take ruf ba. Wata takarda ta zamanin Ramsis na Sha Ɗaya ta ba da labarin wata mata da ba ta haihu ba, wadda ta reni 'ya'ya uku na baiwar gidanta, ta 'yanta su, ta aurar da babbar ga ƙanenta, ta sa su cikin magadanta.

Hawa da sauka

Ɗa yakan gaji sana'ar ubansa, haka aka fi so, haka kuma aka fi gani. Hanyoyin hawa biyu ne: alƙalami da takobi. Ahmos ɗan Ibana ya fara a matsayin ƙaramin sojan jirgin ruwa wajajen 1550 K.H., ya yi yaƙin korar baƙin sarakunan da suka mamaye arewa, aka ba shi kyautar zinariya sau bakwai, da gonaki da bayi, ya mutu babban mutum da kabarinsa a al-Kab. Senenmut, wanda iyayensa ba su da wata babbar sarauta, ya zama na hannun daman sarauniya Hatshefsut. Horemheb kwamandan soja ne ya zama Fir'auna, ya kuma bar gadon ga wani sojan, Ramsis na Ɗaya. Sunayen nan sun tsira ne domin irinsu ba su da yawa.

Mace tana bin matsayin gidan ubanta ko na mijinta, kuma muƙaman rubutu da mulki kusan duk na maza ne. Amma a gaban shari'a tana mallakar gona, tana gado, tana saye da sayarwa, tana kai ƙara da kanta. A ƙauyen nan na Dair al-Madina wata tsohuwa mai suna Naunakt ta tsaya gaban kotu wajajen 1145 K.H. ta yi wasiyya, ta cire wasu daga cikin 'ya'yanta takwas daga gadon dukiyarta, domin ba su kula da ita ba da ta tsufa. Wasiyyar tana nan a gidan tarihi na Oksfod.

Bambancin yana bin mutum har makwanci. A garin Lahun, da aka gina wajajen 1890 K.H., katanga ce ta raba unguwar manya da ta ƙanana, kuma gida guda na babba ya kai girman ƙananan gidaje fiye da 20. Sarki Tutankamun ya mutu bai cika shekara 20 ba, amma da Howard Carter ya buɗe kabarinsa a 1922 an samu kaya fiye da 5,000, akwatin gawarsa na ciki kuma zinariya ce zalla mai nauyin kilo 110. A birnin Amarna, inda wannan sarki ya yi ƙuruciyarsa, an tono maƙabartun talakawan zamaninsa. An naɗe su a tabarma an binne cikin rairayi. Ƙasusuwansu sun nuna ƙarancin abinci tun yarinta da raunin gadon baya, kuma a ɗaya daga cikin maƙabartun yawancin mamatan yara ne da matasa 'yan shekara bakwai zuwa 25, waɗanda alamu suka nuna aikin ɗaukar dutse suka yi.

Aikin aji

1. Ku zana dalar jama'ar Masar a allo, sa'an nan ku ja layi mai nuna hanyar da hatsi ke bi daga gonar manomi har zuwa gidan ma'aikacin Dair al-Madina. Hannun mutum nawa ya ratsa, kuma su wane ne?

2. Ma'aikaci yana karɓar awo biyar da rabi a wata, shugabansa bakwai da rabi, kowane awo lita 76. Ku lissafa bambancin da ke tsakaninsu a wata, sa'an nan a shekara.

3. Me ya sa ma'aikatan kabari suka iya yajin aiki, manoma kuwa sai dai gudu? Ku tattauna ku biyu-biyu, kowa ya kawo hujja daga cikin darasin.

4. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya, ko Merer, ko Naunakt, ko yarinyar da Irinefer ta saya, ya rubuta layi biyar a kan matsayinsa: wa ke sama da shi, wa ke ƙasa da shi, kuma ta wace hanya labarinsa ya iso gare mu.